Ragon da Ya Riga Badaru Tuƙi

Badaru mai facin keke ya ƙudura cewa shi ne zai zama talaka na farko a ƙasar Batsari da zai hau babur nasa na kansa. Babur ɗin ba nasa ba ne, bai taɓa hawa kowane irin babur ba, kuma rabon wannan da ya yi motsi shekara ashirin da biyar ke nan. Duk waɗannan Badaru ya ce ƙananan abubuwa ne.

Wannan ya faru bayan Yaƙin Hitila da 'yan shekaru, Turawa na nan, mota kuma sai ranar Alhamis ake ganinta idan ta zo kwasar gyaɗa. Badaru yana da rumfa a bakin kasuwa, da famfo ɗaya, da sipana biyu, da wata filaya da haƙoranta suka zube. Ya yi soja. A faɗarsa, shi ne ya riƙa gyara motocin yaƙi a ƙasar Bama, can hayin teku, har wani Manjo ya zubar da hawaye ranar da za su rabu. Waɗanda aka ɗauke su tare kuwa sun ce a barikin Kaduna ya tsaya, wata takwas yana wankin tukwane, aka sallame shi bayan ya gyara wa kuku murhu, bariki ya kwana biyu ba a ɗora girki ba.

Babur ɗin yana Zakka, a gidan Baƙo, mahaifin matarsa Tasalla. Wani Bature likitan shanu ne ya zo da shi tun zamanin uban Baƙo. Ya lalace masa ana tsakiyar damina, sai ya sa aka tura shi ɗakin harawa, ya ce zai aiko a ɗauka. Bai aiko ba. Kowace kaka aka riƙa jibga masa harawa har aka manta da shi. Sai bana, da rufin ɗakin ya fara yoyo, Baƙo ya kwashe harawa zai yi gyara, ya ga ƙahonni biyu na ƙarfe suna kallonsa.

Baƙo mutum ne mai gudun rigima da kayan Nasara. Ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya aika Katsina. Bayan wata uku amsa ta dawo cewa ba wanda ya san wannan Bature, mai ɗaki ya yi yadda ya so. Kashegarin da amsar ta zo, Badaru ya iso Zakka da sipanunsa biyu.

Ya tuɓe takalma ya tsuguna, suka gaisa da surukinsa. Aka tambayi Batsari, aka tambayi Tasalla, aka tambayi gajiya da rana da kasuwa, sannan aka koma farko aka sake. Daga nan Baƙo ya kai shi ɗakin.

Babur ɗin baƙi ne, dogo, tsatsa ta yi masa lalle ko'ina. A gefensa an haɗa wani abu kamar kwamin ban ruwan shanu, mai tayarsa guda, da wurin zaman mutum ɗaya. Wata kaza na kwance a cikin kwamin kan ƙwai tara. Badaru ya kewaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa tanki, ya kara kunne.

"Na san shi," in ji Badaru. "Irinsa goma sha biyu na baro a Bama. Kwana uku, Baba. Rana ta huɗu in zo in ɗauke ka mu je Katsina mu sha fura, mu dawo ba a kira la'asar ba."

"Ni ba ni da kowa a Katsina," in ji Baƙo. "Ni dai a fitar man da shi in gyara ɗakina."

Nan aka gane cewa bayan tafiyar Bature an rage ƙofar ɗakin saboda shanu, yanzu babur ya fi ta faɗi da taki ɗaya. Badaru ya ce a ba shi diga.

"Wanga gefen shi ka riƙe da azara," in ji Baƙo.

"Baba, gini lissafi ne. Mun sha rushe gada muna tsaye a kanta."

Ya sara sau uku. Rufin bai faɗo da ƙarfi ba. Zama ya yi a hankali, kamar tsoho ya samu tabarma. Kaza ta fita ta sama. Da ƙura ta lafa, Badaru ya rarrafo waje, fari fat, yana tofar da ƙasa.

"Yanzu ai ta sama za mu ɗago shi," ya ce. "Ya fi sauƙi."

Baƙo ya daɗe yana kallon ɗakinsa. "Haka ne," ya ce. "Yoyon ma ya ƙare."

Kwana biyu aka yi a hanya kafin babur ya shiga Batsari. Jakuna biyu ne a gaba suna ja da igiya, Badaru na bisa sirdi riƙe da ƙahonni, yana gyaɗa wa mutane kai. A bakin kasuwa Armaya'u mahauci ya fito daga rumfarsa yana goge hannu. Rumfarsa na kallon ta Badaru, kuma rana ɗaya aka yi musu kaciya, saboda haka ba abin da ba ya iya faɗa masa.

"Sannu da zuwa, Saja. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Matsa, kar ka shafa masa maiƙo."

"Yana da ƙarfi kuwa?"

"Turawa da doki suke auna ƙarfin inji. Wannan doki biyar ne."

"To," in ji Armaya'u. "Mu dai jaki biyu muka gani."

Badaru ya kai babur gida ya kwance shi kaf. Abin da sipana ta kama ya kwance da sipana, abin da ta ƙi kamawa ya kwance da dutse. Da tabarma ta cika sai ya koma kan kayan Tasalla. Notina suka shiga ƙwarya, ƙananan ƙarafa suka shiga faifai, wani abu mai baki uku ya samu akushi shi kaɗai.

"Malam, a ina zan zuba tuwo?" in ji Tasalla.

"Ki yi haƙuri. Zuciyar inji ce a akushin nan."

"To zuciyar ta ci tuwon, ni na ƙoshi."

Kwana shida suna cin abinci a murfin tukunya. Rana ta tara ya mayar da komai, babur ya sake tsayawa da kamanninsa, sai dai ƙwarya guda cike da ƙarafa ta ragu a gefe. Tasalla ta ɗauko ta ta ajiye a gabansa.

"Waɗannan fa?"

"Bature bai iya tattali ba. Abin da noti ɗaya zai riƙe sai ya sa masa uku."

Sai maganar tayu. Sun bushe sun tsattsage kamar ganda. Akwai keken Malam Jinjiri mai awon gyaɗa da aka kawo faci, sai Badaru ya zare robar cikinsa ya cusa a tayar babur, ya kama famfo. Ya buga ɗari, taya ba ta san ana yi ba. Ya buga ɗari biyu. A na ɗari biyu da wani abu robar ta fashe, tantabarun masallaci suka tashi gaba ɗaya, wata mai tallan nono ta zauna a ƙasa ba ta shirya ba.

Da yamma Malam Jinjiri ya zo karɓar kekensa, ya tarar da shi jingine ba iska ba roba.

"Badaru, huda ɗaya na kawo maka."

"Yanzu babu ita, Malam. Ka duba da kanka."

Malam Jinjiri ya duba. Hudar babu ita. Ya tura kekensa ya tafi, amma daga ranar masu keke a Batsari suka fara koyon faci da hannunsu.

Badaru ya ce iska dama ba abin dogaro ba ce. Ya cika tayun uku da tsumma da auduga, ya karɓo ɗanyar fatar shanu wurin Armaya'u, ya yanka ya naɗe su tam. Kafin azahar ƙudaje suka samu labari. Kafin la'asar karnukan unguwa uku sun yi sahu a ƙofar gida, suna zaune suna jira da ladabi.

Daga nan ya shiga tayarwa. Akwai wani ƙarfe a gefe da ake takawa. Ya taka shi yini guda, ya taka kashegari. Babur bai ce uffan ba. Armaya'u ya leƙo, ya buɗe murfin tanki, ya sa ido.

"Saja, cikin nan ai babu komai. Me yake sha?"

"Fetur."

"Ka ba shi?"

"Sai ya tashi tukuna. Jariri ma sai ya yi kuka ake ba shi nono."

A rana ta uku ƙarfen takawar ya karye ya bar masa shaida a ƙwauri. Badaru ya zauna ya ɗaure ƙafa, ya yi nazari, ya gano ciwon. Sanyi ne. Ƙarfen da ya shekara ashirin da biyar a ƙarƙashin harawa dole jininsa ya daskare. Ya tattaro karan dawa ya hura wuta a ƙarƙashin inji. Injin bai ji ɗumi sosai ba, amma dangar da ta raba gidansu da na Kande mai daddawa ta ji. Kafin a kawo tulu na uku wuta ta cinye ta ƙurmus.

Kande tsohuwa ce, tana zaune kan kujerarta tana tsince kalwa. Ta ɗaga kai ta ga gidan Badaru, ta ga hanya, ta ga mutum wajen arba'in riƙe da tuluna suna kallonta.

"Badaru," ta ce, "shekara talatin ina gidan nan ban san hanya na kusa haka ba."

"Iya, zan yi miki sabuwa. Irin ta bariki."

"A'a, ɗan nan. Kar ka gyara mini komai. Ka sayo kara dai, zan nemi mai yi."

Ranar Alhamis motar gyaɗa ta zo. Direbanta, Lawal, mutum ne marar yawan magana, hannuwansa kullum baƙi. Ya ji labarin babur ya zo gani. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya kawo fetur cikin gwangwani ya zuba masa a tanki.

"Injin nan bai mutu ba," in ji Lawal. "In ka yarda in duba maka wutarsa."

Badaru ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Ɗan'uwa, kai tuƙi ka sani. Cikin inji namu ne."

"Haka ne," in ji Lawal. Ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi.

Tunda ba abin takawa, sai turi. Mako guda majiya ƙarfin unguwa suna tura babur daga ƙofar gida zuwa gindin tsamiya, su juyo da shi su dawo. Badaru ba ya hawa. Yana gudu a gefe ne riƙe da ƙaho, wai sai inji ya kama sannan a daka tsalle a hau, haka ake yi a Bama. Ranar farko mutum goma sha biyu suka tura. Ranar Litinin saura huɗu. Ranar Talata duk wanda ya hango Badaru sai ya tuna yana da aiki a gona.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Safana. Asama'u, ƙanwar Tasalla, ta haifi ɗa namiji ranar Juma'a, bayan shekara takwas da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Mijinta Ɗanjummai kuwa ciwo ya shiga garkensa da bazara, bai bar masa ko tunkiya ba. Tasalla tana da rago fari, ƙato, da ta shekara biyu tana kiwo da dusa da ƙaiƙayi. Ta ce wannan shi ne ragon suna. Za ta bi ayarin mata ranar Laraba da sassafe, ta ja shi a hankali.

"Ki sa shi wannan doguwar tafiya ya zube?" in ji Badaru. "Bar shi. Alhamis da hantsi zan sa shi a kwami, kafin azahar muna Safana."

"Malam, abin nan ko tari bai taɓa yi ba."

"Ƙarfi yake tarawa."

"Bari dai in tafi da ragona."

"Na riga na aika wa Ɗanjummai. Na kuma sa an yi shela a kasuwa."

Tasalla ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara takwas ana yi wa yarinyar nan gori," ta ce. "In aka taru ranar Juma'a babu rago, ba ni da idon da zan kalle ta da shi. Ba ni kuma da ƙafar dawowa Batsari. Ka ji ni?"

"Na ji. Ki gaya musu su share wurin da zan ajiye babur."

Ta tafi ranar Laraba, tana waiwayen ragon har ta sha kwana.

Alhamis kasuwa ta cika ta batse. Mutane sun zo daga ƙauyuka, wasu da kayan sayarwa, wasu ba su kawo komai ba sai idanu. An turo babur saman kasuwa, inda gangare ya fara, ya bi ta tsakiyar rumfuna ya sauka rafi, wurin da hanyar Safana ta tsallaka. An ɗaure rago a cikin kwami. Ya zauna ya miƙe wuya yana tuƙa, ko a jikinsa. Karnuka na baya kaɗan.

Badaru ya fito cikin tsohon kwat ɗin soja, da wani tabarau mai ido ɗaya da ya tsinta a ƙarƙashin kujerar kwamin. Ya hau kan turmi ya fara jawabi. Ya yi bayanin yadda inji yake, da yadda ƙarfe ke gane hannun mai shi, da abin da Manjo ya faɗa masa ranar rabuwa.

Yana can yana jawabi, Lawal direba ya zo ya tsuguna a gefen babur. Ya kwance fulogi ya kankare shi da wuƙa, ya mayar. Ya goge wani wuri, ya haɗa wata waya da ke lilo, ya cire wani ɗan bututu ya busa. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan famfo.

"Me ka yi?" in ji Armaya'u.

"Tun da na zuba man nan ko ɗigo bai sauka ba. Famfon a rufe yake."

"Ka gaya masa?"

"Ya ce tuƙi kawai na sani."

Badaru ya sauko daga turmi. Ya sa giya, ya buɗe totur har ƙarshe, ya zaɓi ƙarti shida daga cikin baƙin da ba su san shi ba. Ya ce su yi bismilla su tura. Mako guda yana gudu a gefen babur ɗin nan ba abin da ya faru, saboda haka ya saba riƙe ƙaho da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga wa jama'a.

Taku goma, babur ya yi tari. Taku goma sha biyu, ya yi atishawa ya fitar da gidan zanzaro ta baya. Sannan ya yi wata ƙara da Batsari ba ta taɓa jin irinta ba, hayaƙi ya turnuƙe, ƙartin shida suka kife a ƙasa a jere. Badaru ya daka tsalle, kamar yadda ake yi a Bama. A daidai nan mazagin wandonsa ya tsinke. Ya sauka daram a wurin da babur yake ɗazu.

Babur mai ƙafa uku ba ya faɗuwa don ba kowa a kansa. Ya ci gaba.

Ya fara da layin masu tukwane, ya bi ta tsakiya, ya rage musu kayan da za su koma da shi gida. Ya ratsa ta masu barkono, ya tashi jan gari sama, rabin kasuwa ta kama atishawa. Nauyin kwamin na janye shi gefe, sai ya shiga kewaya babbar tsamiyar da ke tsakiyar kasuwa. Rago na zaune a miƙe, kunnuwa na kaɗawa, yana kallon gabansa kamar wanda ya san inda za shi. Auduga na fita daga tayu tana tashi. Karnuka goma sha ɗaya na biye.

Bayan karnuka sai Badaru, hannu ɗaya riƙe da wando.

"Taka birki," yake cewa. "Na ƙafar dama. Taka mana."

"Ba ya jin Hausa, Saja," in ji Armaya'u daga kan teburin nama, inda ya hau. "Yi masa da yaren Bama."

A zagaye na biyu ɗan dokan da ke gadin kasuwa ya fito ya tsaya ya ɗaga hannu. Rago ya dube shi. Ɗan doka ya tuna ba a taɓa ba shi umarni a kan rago ba, ya sauke hannu ya matsa. Wani tsoho mai sayar da igiya, da bai ga abin sosai ba, ya ce, "Sannu da aiki," da babur ya wuce shi.

A zagaye na uku tayar gaba ta daki turmin da Badaru ya yi jawabi a kai, wanda masu gudu suka mirgino nan, kan babur ya miƙe. Ya kama gangare, ya fita kasuwa ta hanyar Safana, daidai yadda aka yi shela. Kasuwa gaba ɗaya ta bi shi a guje. Ya isa rafi, inda sauran ruwan damina ya bar laka, ya shiga har iya tanki, ya yi huci mai tsawo, ya yi shiru. Igiyar da aka ɗaure rago da ita ta tsinke. Rago ya taka kan kwamin ya dira a tsallake, ya girgiza jiki, ya kama cin ciyawa.

Mutane suka jeru a bakin rafi. Ba wanda ya yi magana sai masu atishawa. Badaru ya iso yana haki, ya ɗaure wando da igiyar da tsohon nan ya miƙo masa. Sarkin kasuwa ya matso, garin barkono a rawaninsa, mai tukwane na gefensa riƙe da wuyan tulu.

"Badaru," in ji sarkin kasuwa, "na ji gobe ne suna."

"Gobe ne, ranka ya daɗe."

"To je ka kai ragon mutane. In ka dawo akwai zama. Zaman zai yi tsawo."

Motar Lawal Katsina ta nufa, ba Safana ba. Badaru ya tsallaka rafi, ya ɗaura wa rago igiya ya ja. Rago ya kafe. Ya ja, ya tura, ya lallasa, ya nuna masa ganye. Dabbar da ta ɗanɗana zama a kujera ta ƙi yarda da tafiyar ƙasa. Rana ta take tsaka. Badaru ya dubi hanya, ya dubi babur a cikin laka, ya tuɓe kwat ya rataye a reshe. Ya sunkuya ya saɓa rago a wuya, ƙafafu biyu a kowane hannu, ya kama hanya.

Wajen la'asar Armaya'u ya cim masa bisa jaki. Shi ma Safana za shi, shi aka kira fiɗa.

"Sannunku," in ji Armaya'u. "Saja, kawo shi in ɗora a jaki. Wuyanka zai karye."

"Na ce ni zan kai shi."

"Ba wanda zai sani."

"Tasalla za ta sani."

Armaya'u ya dube shi, bai yi dariya ba. Ya kwance gorar ruwansa ya rataya masa, ya zunguri jaki ya wuce.

Juma'a da safe ƙofar gidan Ɗanjummai ta cika. An shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, an raba goro, an yi addu'a an raɗa wa yaro suna. Saura yanka. Labarin kasuwar Batsari ya riga ya iso tun jiya, kowa ya ji, kowa kuma yana yin kamar bai ji ba saboda Baƙo na zaune a wurin. Ɗanjummai yana ta fita bakin hanya yana dawowa. A cikin gida Tasalla ta ƙi zama, ta tsaya a bayan zaure tana leƙe ta jikin asabari.

Rana ta ɗaga kamar tsawon mashi sai aka hango wani abu yana tahowa, mai ƙafa biyu da kai biyu. Ya matso a hankali. Kan sama fari ne mai ƙaho, yana tuƙa. Na ƙasa ya sha ƙura, da tabarau mai ido ɗaya a goshi.

Badaru ya iso tsakiyar taro ya durƙusa, ya sauke rago a gaban liman. Ya yi ƙoƙarin miƙe wuya, wuya ya ƙi, sai ya gaida jama'a a karkace. Aka amsa masa. Daga cikin gida aka miƙo ƙwaryar ruwa da fura, ba a faɗi wadda ta aiko ba. Ya shanye.

Baƙo ya bari ya ajiye ƙwaryar tukuna.

"Sannu da hanya," ya ce. "An share wurin da ka ce. Ina babur ɗin?"

"Babur ya tashi, Baba," in ji Badaru. "Duk Batsari shaida ce. Gyara ba shi da aibu ko ɗaya. Matsalar daga direba take."

Jama'a suka juya suka dubi rago. Rago ya dube su yana tuƙa.

Liman ya gyara zama, ya naɗe hannun rigarsa.

"To, alhamdu lillahi, tunda an kamo mai laifin," ya ce. "Armaya'u, kayar da shi. A miƙo wuƙa."